Salaga: Kasuwar Goro da Turawa Suka Yi Ciniki a Kanta

'Yan uwa, kakanninmu fatake sun sha tafiya Gwanja sayen goro, Salaga kuwa ita ce babbar kasuwarsu. Ingila da Jamus duk suka sa mata ido. A 1888 suka amince cewa yankin Salaga da Yendi ba na ɗayansu ba ne. Rikicin sarauta na 1892 ya watsa 'yan kasuwa, da dama suka koma Kete-Krachi. A 1899, cikin sulhun da ƙasashen biyu suka yi kan tsibiran Samoa, suka raba yankin: Salaga ta Ingila, Yendi ta Jamus. Iyakar ta tsaga ƙasar Dagomba gida biyu, ba tare da shawarar masu ƙasa ba. Allah ya jiƙan magabata.