Daga Keken Rali Zuwa Kurkura: Yadda Gyaran Ƙafa Uku Ya Kafu a Ƙasar Makarfi

Duk wanda ya buɗe ido a sana'ar kanikanci tsakanin Ikara da Makarfi da Kudan, ya kuma zauna gaban magabata ya saurara, ya san silsilar wannan sana'a daga masu gyaran keken Rali ta faro, waɗanda suke zama a gindin bishiya ranar kasuwa da famfo da sifana da kwanon ruwan neman huji. Su suka yaye waɗanda suka karɓi Vespa da Honda da Yamaha, waɗannan kuma suka yaye mu da muka taso zamanin Jincheng da Boxer, sa'ad da acaɓa ta zama abincin samari.

Babur mai ƙafa uku kuwa baƙo ne da ya biyo ta birane kafin ya iso mana. An fara ganinsa da yawa a Legas zamanin mulkin Buba Marwa, daga 1996 zuwa 1999. Sannan gwamnatin Obasanjo ta kafa hukumar yaƙi da talauci ta NAPEP a 2001, wadda sunanta ya liƙe wa keken har yau. Malam Ibrahim Shekarau kuma ya shigo da shi Kano a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, domin mata su sami abin hawa na mutunci. Amma abin da ya cika garejinmu da shi, a haƙiƙa, shi ne hana acaɓa da aka yi a Kano a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero, da kuma wanda ya biyo baya a Kaduna da Zariya a 2014, domin daga nan ne Bajaj da TVS na ƙasar Indiya suka yawaita ƙwarai, waɗanda suka tsufa a birni kuma aka riƙa sayar da su ga mutanen karkara.

Injinsa bai ba mu wahala ba, domin wanda ya san kabireto da fulogin Boxer ba zai ɓata a cikinsa ba. Ƙafafun ne suka zame mana sabon karatu. An ƙera keken ne don fasinja uku a kan kwalta, alhali a nan mutum shida yake ɗauka da buhu, ya bi hanyar da damina ta cinye, saboda haka galibin abin da ake kawo mana shokazoba ce da sifirin da bushi. Maigidana, Allah ya jiƙansa, ba ya taɓa sifana sai ya danna bayan keken da gwiwa ya saki, ya tsaya yana kallo: in ya dawo ya tsaya cak, lafiya, in ya yi ta rawa, sai ya shafa jikin shokazobar da yatsa, ya nuna mini man da ya tsattsafo ƙura ta manne masa, ya ce, "Yaro, ka gani? Ta mutu tun ba yau ba." Bushi kuwa, in na kanti ya yanke kuma ba mai zuwa Sabon Garin Zariya ko Ƙofar Ruwa a Kano, daga tsohuwar tayar babbar mota ake yanko shi da wuƙa, a huda, a dasa shi da guduma.

Da kurkura mai ɗaukar kaya ta zo, sai al'amarin ya ƙara tsanani, musamman lokacin saran rake a Makarfi da kwasar tumatir a Hunƙuyi da Ikara, inda mai ita, don kwaɗayin rage sawu, yakan nemi a ƙara masa ganyen sifirin ɗaya ko biyu daga na tsohuwar mota. Muna yi, gama mai kuɗi ya nema. Amma a ra'ayina wannan ijtihadi ne mai illa, domin nauyin da sifirin ya daina shanyewa ba ɓacewa yake yi ba, kan firam da gatari yake komawa, kuma bayan 'yan watanni mai walda ne zai gaji cinikin.

A 'yan shekarun nan yaranmu sukan nuna mini a waya irin baburan ƙafa uku na Amurka da Kanada, kamar Can-Am Spyder, waɗanda bayan wasunsu yake zaune a kan jakar iska, da ɗan kwamfaresa na lantarki mai ƙara mata iska gwargwadon nauyin da aka ɗora. Sauya kwamfaresan ba wani babban aiki ba ne: a cire kan batir, a sauke iskar, a kwance tiyo da waya, a ɗaura sabo. Sai dai da wuya kwamfaresa ya mutu haka kawai. Mafi yawa jakar ce ko mahaɗar tiyo take yoyo, shi kuwa ya yi ta aiki ba hutu har ya ƙone, don haka wanda ya ɗaura sabo bai toshe yoyon ba, sabon ma ƙonewa zai yi. Hanyar gano yoyon kuwa ruwan sabulu ce, a shafa a jira kumfa, wadda kowane mai faci a Tashar Yari ya ƙware a kanta.

Ban ga alamar irin wannan babur zai zauna a ƙasarmu ba, domin jakar roba ba ta jure ƙaya da tsakuwa da lodin rake, kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kayan gyara suka yi tashin gwauron zabo, har masu keke suka koma roƙon a buɗe musu tsohuwar shokazoba, a zuba mai, a sake liƙewa, ko da wata biyu kawai za ta yi.