Gani Ya Kori Ji: Tarihin Koyar da Kimiyya ta Hanyar Bincike

Da Edita ya nemi in rubuta wani abu a wannan fitowa, sai na tuna da muhawarar da muka yi a taronmu na shekara game da kuɗin da muke tarawa don gyara ɗakin gwaje-gwajen makarantarmu. Kowa ya yarda a yi gyaran. Abin da ban ji an tayar ba shi ne, idan an gyara ɗakin, wa zai koyar a ciki, kuma ta wace hanya? Ni ba malami ba ne, ma'aikacin gwamnati ne da ke fama da fayil-fayil, amma na ɗan bi tarihin wannan al'amari, kuma ina ganin akwai darasi a cikinsa kafin mu kashe ko kwabo.

Bari in fara da abin da na gani da idona. Muna aji ɗaya na ƙaramar sakandare, wata rana malamin kimiyyarmu ya shigo da faranti, da kyandir, da kwalba mai faɗin baki. Ya kafa kyandir a tsakiyar farantin, ya zuba ruwa kaɗan, ya kunna, sannan ya kife kwalbar a kai. Wuta ta mutu, ruwa ya hau cikin kwalbar. Ya ce, "To, me ya jawo ruwan?" Wani da ya riga ya leƙa littafi ya ce wuta ce ta cinye iskar oksijin, ruwa ya maye gurbinta. Malam bai ce e ba, bai ce a'a ba. Sai ya sa muka kafa kyandir biyu, sannan uku. Ruwan ya riƙa hawa fiye da na farko. Ya ce, "Kwalba ɗaya ce, iskar da ke ciki ɗaya ce. In maganar cinye oksijin ce kawai, don me ruwan ya ƙaru?" Muka yi ta gardama har aka buga ƙararrawa. Sai a darasi na gaba muka gano, da taimakonsa, cewa zafin wuta ne ke sa iska ta buɗe, idan wutar ta mutu iskar ta huce sai ta takure, ruwa ya shigo. Yawancin abin da na kwafa daga allo a shekaru shida ya gudu daga kaina, amma wannan yana nan daram.

A lokacin na ɗauka dabarar Malam ce shi kaɗai. Sai daga baya na san cewa hanyar ta girmi kakanninmu. Tun cikin shekarun 1880 wani farfesan ilimin sinadarai a Landan, Henry Armstrong, ya riƙa yekuwar cewa a sa ɗalibi a matsayin mai gano abu da kansa, maimakon a riƙa zuba masa bayani. A Amurka kuma, John Dewey ya buga wata maƙala a 1910 inda ya koka cewa makarantu sun mai da kimiyya tarin bayanai na haddacewa, alhali kuwa asalinta hanya ce ta tunani da gwaji. An saurare su, amma akasarin azuzuwa suka ci gaba da yadda suka saba.

Abin da ya girgiza al'amarin shi ne kumbon Sputnik da Tarayyar Sobiyet ta harba ranar 4 ga Oktoba, 1957. Amurkawa suka ga an sha gabansu, a 1958 suka yi doka da ta zuba kuɗi mai yawa a kan koyar da kimiyya. Manyan masana suka shiga rubuta sababbin littattafan sakandare, ciki har da Jerrold Zacharias na cibiyar MIT, wanda ya fara aikin sabunta darasin fiziks tun 1956. A Ingila ma Gidauniyar Nuffield ta soma irin wannan aiki a 1962. Manufarsu duka guda ce: yaro ya taɓa, ya auna, ya yi tambaya, kafin a gaya masa amsa.

Mai karatu zai ce, ina ruwanmu da wannan? Ruwanmu yana ciki tsundum. Ƙungiyar Malaman Kimiyya ta Nijeriya, wato STAN, a 1957 aka kafa ta. Zacharias da abokan aikinsa sun kira wani taro a Amurka a 1961 kan ilimi a Afirka, kuma daga wannan zaren ne aka zo aka yi taro a birnin Kano a 1965, inda aka aza harsashin Shirin Kimiyyar Firamare na Afirka. Waɗanda suka tsara shi sun san makarantunmu ba su da kayan Turai, don haka suka gina darussa a kan abin da ke tsakar gida: iri, ƙasa, gwangwani, batir da ƙwan tocila. Darasin da ya fi shahara a kan kurkuɗu ne, ƙwaron nan da ke haƙa ɗan rami a rairayi yana dakon tururuwa. Idan yaro ya tambayi malami me yake ci, ko yaya yake haƙa ramin, sai a ce masa ya je ya tambayi ƙwaron, ma'ana ya zauna ya lura, ya gwada. A 1970 'yan Afirka suka karɓi ragamar shirin.

A ɓangaren sakandare, bayan babban taron manhaja na ƙasa da aka yi a Legas a 1969, STAN ta fitar da littattafan haɗaɗɗiyar kimiyya a farkon shekarun 1970. Duk wanda ya yi ƙaramar sakandare kafin a sauya wa darasin suna zuwa kimiyyar tushe a ƙarshen shekarun 2000 ya san su. In ka buɗe su yau za ka ga cike suke da ayyuka: ɗauki kaza, auna kaza, rubuta abin da ka gani. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta goyi bayan wannan hanya, tsarin 6-3-3-4 da ya fara aiki a 1982 ya ba darasin gurbi a shekaru uku na farko.

To, ina gizo ya yi saƙa? A fahimtata, wurare uku ne. Na farko, horar da malamai. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya kawo yara fiye da yadda aka yi hasashe, aka shiga yaye malamai cikin gaggawa. A shekarar ce aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna don ta taimaka wajen cike giɓin. Kwalejojin ilimi kuwa, tun daga irin ta Zariya da aka buɗe a 1962, sun yi ƙoƙari, amma sau da yawa ɗalibin malanta da lacca ake koya masa yadda ake koyarwa ba da lacca ba. Mutum abin da aka yi masa yake yi wa na bayansa. Na biyu, yawan ɗalibai. Abin da malami zai yi da yara talatin ba zai yiwu da yara ɗari ba, musamman in minti arba'in ke gare shi. Na uku, jarrabawa. Mu shaida ne: in jarrabawar WAEC ta matso, sai a buɗe ɗakin gwaje-gwaje, a yi ta maimaita mana gwaji ɗaya ko biyu har mu haddace inda launi ke juyawa. An taɓa kwalba, an riƙe ma'auni, amma ba wanda ya yi tambaya.

Dole kuma in faɗi abin da masu suka suka ce, don kada a ɗauka hanyar ba ta da aibi. A 2006 wasu masana uku, Kirschner da Sweller da Clark, suka yi rubutun da ya ja hankali, suna cewa idan aka saki yaron da bai da tushe aka ce ya gano komai da kansa, ɗimuwa zai yi. Gaskiyarsu ce. Malaminmu bai sake mu ba. Shi ya zaɓi tambayar, shi ya ce a ƙara kyandir, shi kuma ya ɗaure bayanin a ƙarshe. Wannan aiki ya fi karanta littafi a gaban aji wuya, kuma sai wanda ya san darasin ciki da waje zai iya shi. Shi ya sa shirin SMASE, wanda aka fara gwadawa a jihohin Kaduna da Neja da Filato a 2006 da taimakon ƙasar Japan, bisa koyi da irinsa na Kenya, ya mai da hankali kan bita ga malaman da ke bakin aiki, da amfani da kayan da ke kusa.

Saboda haka ga shawarata ga shugabannin ƙungiya. A gyara rufi, a gyara famfo, a sayo kaya, duk daidai ne. Amma a ware wani kaso na kuɗin don tura malaman kimiyyar makarantarmu bita lokacin hutu, a biya musu rajistar tarurrukan STAN, a kuma ajiye ɗan abin da za a riƙa sayen kayan da ke ƙarewa kowane zango, kamar batir da sinadarai. Waɗanda ke koyarwa a jami'o'i da kwalejojin ilimi a cikinmu su ba da rana ɗaya a zango su zauna da su. Idan ba a yi haka ba, ina tsoron mu dawo bayan shekara biyar mu tarar da kayan a cikin kwali, ƙura ta rufe, makulli yana aljihun wani.

A ofis, duk lokacin da aka kawo mini rahoto mai alƙaluma, abin da nake fara tambaya shi ne, ta yaya aka sani? Ban koyi wannan a jami'a ba. A gaban faranti da kyandir na koya, a hannun malamin da ba shi da komai sai sanin aikinsa. Ina fata ƙannenmu da ke zaune a kan kujerun da muka bari su sami irinsa. Allah ya saka wa malamanmu da alheri, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, amin.