Manhaja Ba Ta San Kwanan Tsakar Gida Ba

Tun da na ajiye aiki ƙofata ba ta rabuwa da ɗalibai, galibi masu neman digiri na biyu, kowa da kwamfutarsa a jaka. Kwanan baya wani ya kawo mini gida mai ɗaki uku da ya zana a manhajar DesignBuilder, wai a Fadaman Mada, nan Bauchi, za a gina, har ya fitar da yawan wutar da gidan zai sha a shekara. Na ce, "Ɗana, bayanan yanayin nan daga ina?" Ya ce, "Malam, ai a intanet na sauko da su." Na ce, "Wa ya auna?" Sai ya kama sosa ƙeya. A cikin lissafinsa, mutanen gidan suna kwance a ɗaki ƙarfe biyun dare a watan Afrilu, tagogi a rufe, na'urar sanyaya ɗaki na aiki ba yankewa. Wannan Bauchin ban san ta ba.

Mu da takarda muka fara. Jadawalin Mahoney ne manhajarmu, wanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta buga a 1971, kuma abin da yaran yanzu ba su sani ba shi ne Carl Mahoney a Najeriya ya fara haɗa shi, kafin su kammala tare da Otto Koenigsberger da Martin Evans. Ka cike zafi mafi tsanani da mafi sauƙi na kowane wata, da laima, da ruwan sama, sai alamomi shida su fito. Ɗaya daga cikinsu aikinta ke nan: ta gaya maka ko mutane za su buƙaci wurin kwana a waje. Duk wanda ya cike jadawalin da alƙaluman Bauchi zai ga an ce masa bango mai kauri da zai riƙe zafi fiye da awa 8, ƙananan tagogi, da filin shimfiɗa tabarma da dare. Takardar da ta haura shekara hamsin ta san ana gudun ɗaki a bazara.

Alƙaluman kuwa da ƙafa ake nemo su. Sai ka je ofishin masu duba yanayi, a buɗe maka manyan littattafai masu ƙura, ka zauna kana kwafa da fensir. Kana yi kana ganin inda ma'aikaci ya yi fashi, da inda aka canja hannu rubutu ya bambanta, saboda haka ka san wace lamba za ka riƙe da hannu biyu, wace ce za ka yi wa kallon hadarin kaji.

Wanda ya koya mini wannan ba farfesa ba ne. Wani dattijo ne mai kula da ɗakin gwaji, Allah Ya jiƙansa, da na tarar lokacin da na dawo Bauchi daga Zariya, a shekarun da jami'ar garin take reshen Jami'ar Ahmadu Bello, wato tsakanin 1984 da 1988. Yana da wata na'ura mai gangar ƙarfe da ake yi wa wani kamar agogo, ta kwashe mako guda tana juyi ɗaya, alƙaluma biyu na zana zafi da laima a kan takarda. Silin gashin mutum ne ke auna laimar. Da hunturu ƙura kan bi gashin ta sa alƙalami ya yi ƙarya, sai Baba ya sa ɗan buroshi da ruwa mai tsabta ya wanke shi a hankali, yana mita. Tawada kuma ta bushe cikin kwana kaɗan. Kowace Litinin da hantsi za a canja takarda, a rubuta kwanan wata, da sunan ɗaki, da abin da masu ɗakin suka yi. Wannan na ƙarshe shi ne bai yarda a tsallake ba. Yakan ce mini, "Malam ƙarami, ka tambayi matar gida ƙarfe nawa ta hura wuta, in ba haka ba layin nan ba zai gaya maka komai ba."

Da wannan na'ura muka auna soron ƙasa da ɗakin bulo mai rufin kwano a unguwa ɗaya. Layin ɗakin kwano yakan haura tun kafin azahar, ya faɗo bayan isha'i. Na soro kusan a kwance yake tafiya, sai can dare zafin da bango ya sha ya fara fitowa ciki, daidai lokacin da masu gida suka riga suka kwashe tabarmi zuwa tsakar gida. Gini da mutum tare suke aikin. Wannan ya sa har yau nake tura ɗalibai Kafin Madaki su ga ginin da ake jingina wa Babban Gwani, Muhammadu Durugu, mai masallacin Juma'a na Zariya. Su je da rana tsaka, su tsaya ƙarƙashin bakan gizon nan su yi shiru minti goma. Da yawa kan dawo da hotuna kawai.

Kada a ɗauka gaba nake da kwamfuta. Ina cikin waɗanda suka yi murna da EnergyPlus ta fito a 2001, kyauta, bayan Amurkawa sun haɗa abin da ke da kyau a DOE-2 da BLAST. Kafin nan sai da suka kira taruka a 1995 da 1996, na masu rubuta manhaja da na masu amfani da ita, aka tambaye su me suke so sabuwar ta iya. Abin da masu ofisoshin da ba a buɗe tagoginsu suka nema shi aka fi ba ƙarfi, kuma ba laifinsu ba ne, wanda ya zo taro shi ake ji. Mu a lokacin ko layin intanet na kirki ba mu da shi. Daga baya muka rungumi Ecotect saboda tana nuna inuwa da tafiyar rana yadda ɗalibi zai gane nan take. Autodesk ta saye ta a 2008, ta daina sayar da ita a 2015, darussan da muka gina a kanta suka bi ruwa.

Yanzu ma ana can ana tsara gaba. An mayar da EnergyPlus daga Fortran zuwa C++ a 2014, ana kuma aikin haɗa ta da Modelica domin a kwaikwayi na'urorin sanyaya gini da masu sarrafa su dalla-dalla. Aiki ne mai kyau. Sai dai tambayarmu daban ce. Su suna tambayar wuta nawa gini zai sha kafin ya tsaya a digiri 24. Mu muna tambayar digiri nawa ɗaki zai kai in an ɗauke wuta ƙarfe ɗaya na rana, kuma awa nawa mai jego za ta iya zama a ciki. Gwani zai iya tilasta wa manhajar ta amsa wannan, don akwai hanya, amma a ɓoye take can ƙasa, ɗalibi kuwa abin da ya tarar a sama shi yake dannawa. Haka batun jin daɗin jiki: ma'aunin Fanger na 1970 a ɗakunan gwaji aka fitar da shi, ƙungiyar ASHRAE ba ta karɓi ma'aunin da ke la'akari da sabo ba sai 2004. Binciken da Akande da Adebamowo suka yi a gidajen Bauchi, suka gabatar a wani taro a Windsor a 2010, ya nuna mutanenmu na jin daidai a kusan digiri 28 da rani.

Ga kuma kayan gini. Buɗe jerin da ke cikin manhajar ka nemo mini tubali, ko azara, ko makuba. Bulo inci tara ma da ke ciki ba irin wanda ake bugawa a bakin titi ba ne, inda buhun siminti ɗaya ke haifar da abin da mai shi ya ga dama. Ba wani Bature da zai auna mana waɗannan, kuma a nan ne haushina ya fi yawa, don laifin namu ne. Ma'aunin zafi mai ajiye bayanai yau bai kai girman akwatin ashana ba, ba ya son tawada, ba ya son wani, amma ya fi wuya a ga ɗalibi ya rataya shi a zaure fiye da zamanin gangar Baba.

Dokar ƙasa kan tattalin wuta a gine-gine ta fito a 2017, ta ce kada tagogi su wuce kashi 20 cikin ɗari na bango sai da inuwa, a kuma sa abin tare zafi a ƙarƙashin rufi. Ku zaga sababbin unguwanni ku ƙirga gidajen gilashi masu fuskantar yamma. Abin da doka ta kasa, kuɗin wuta ya fara yi: tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, aka kuma kai wutar rukunin A naira 225 a Afrilun 2024, masu gini sun fara tambayar yadda za a rage girman sola da batir. Wannan tambaya sai da lissafin awa 8,760 na shekara ake amsa ta, kuma lissafin ba zai yi daidai ba sai an san ƙarfe nawa mutanen gida ke fita tsakar gida a Afrilu, ƙarfe nawa suke komawa ɗaki a Disamba.