Karen Azawak a Littafin Faransawa

Mai karatu, in ka taɓa cin kasuwar Mayahi ko ta Dakoro da rani, watakila ka ga Buzaye sun sauko da raƙumansu, wani kare yana biye da su. Dogo ne, siriri, ja ko ruwan ƙasa, da ɗan fari a ƙirji da ƙafafu. Kana iya ƙidaya haƙarƙarinsa daga nesa. Wanda bai sani ba sai ya ce yunwa ce. Ba yunwa ba ce, haka Allah ya halicce shi. Wannan kare yana da tarihi, amma kafin mu kai gare shi sai mun biya ta Faransa. Za ka ga dalili.

Faransawa mutane ne masu son kare ƙwarai. Tun kaka da kakanni kowane yanki na ƙasarsu yana da irin karensa, kuma sunan yankin ake kiran karen da shi, kamar yadda mu ke cewa jar akuyar Maraɗi ko saniyar Azawak. Akwai ƙasar noma gabas da Paris mai suna Biri (ba birin kan itace ba). Karen tumakinta mai dogon gashi sunansa Biriyar. Kudu da Paris akwai Bos, ƙasar alkama, nata karen kiwon sunansa Boseron. A duwatsun Pirene, kan iyaka da Sifen, akwai wani ƙaton farin kare da ke kwana cikin garke, yana tare kyarkeci.

Waɗansu kuma aikinsu ko siffarsu ta ba su suna. Base, watau gajere, ƙafafunsa gajeru ne don maharbi ya iya bin sa a ƙasa. Kanish daga sunan agwagwa aka samo shi, don da can shi ke faɗawa ruwa ya ɗauko agwagwar da aka harba. Yau an yi masa aski, ya koma zaman ɗaki.

Wanda ya fi ban dariya shi ne Buldog na Faransa, don asalinsa ba na Faransa ba ne. Wajen 1860 injuna sun kashe wa masaƙan leshi na birnin Notingam, a Ingila, sana'arsu. Suka tsallaka teku ci-rani zuwa arewacin Faransa, da ƴan ƙananan karnukansu. Karnukan suka haɗu da na gari, suka hayayyafa, mutanen Paris suka so su. Baƙo ya zama ɗan gari.

Duk waɗannan karnuka da ka ji, shekaru aru-aru makiyaya da maharba ne ke riƙe da asalinsu a ka, kamar yadda namu ke yi. Sai a 1881 aka kafa babbar ƙungiyar masu kare a Paris. A 1885 ta buɗe littafin asalin karnuka. Karen da aka fara rubutawa sunansa Marko. Daga nan duk karen da ya shiga littafin sai an rubuta uwarsa da ubansa da ranar haihuwarsa. Ka tuna, a lokacin ko mu ba mu da takardar haihuwa. A 1911 kuma ƙasashe biyar, Faransa da Jamus da Beljik da Holan da Ostiriya, suka haɗu suka kafa ƙungiyar karnuka ta duniya. Ofishinta yana Beljik.

To, mu dawo gida.

Azawak wani babban kwari ne, tsohuwar hanyar ruwa da ta bushe, arewa da Tawa. Ya ratsa ƙasar Cintabaradan da Tasara da Tiliya, ya kai har wajen Menaka a Mali. Can ne gidan wannan kare. Abzinawa suna ce masa oska, ko idi. Babban aikinsa gadin zango da garke, ya kori dila da kura da dare. Bayan haka yana farauta. Ba da hanci ya ke bin nama ba, da ido ne. In ya hango zomo ko barewa sai ya zuba a guje, yana iya wuce kilomita 60 a awa. Zafin rana da ke kayar da karen Turai shi bai dame shi ba. Mai shi kaɗai ya sani. Baƙo ko ya ba shi nama ba ya sakin jiki da shi.

A farkon shekarun 1970 aka fara kai shi Turai. Wani ma'aikacin jakadanci na ƙasar da ake kira Yugoslabiya a lokacin, wanda ya yi aiki a Burkina Faso ta yanzu, ya tafi da nasa gida. Kyauta aka ba shi, don makiyaya ba su sayar da irin wannan kare. Sojoji da ma'aikatan Faransa da suka zauna a ƙasashenmu su ma suka riƙa komawa da shi. Da farko Turawa sun ɗauka karen Larabawan Maroko da Aljeriya ne, mai suna Sulugi. Daga baya suka ga ba ɗaya ba ne. Wajen 1980 ƙungiyar duniya ta karɓe shi, aka ba shi lamba 307, da sunan kwarinsa. Amurka ta shigar da shi nata littafin a 2019.

Ga abin da takardar ta ce. Tsawon namiji daga ƙasa zuwa kafaɗa santimita 64 zuwa 74, nauyinsa kilo 20 zuwa 25, watau bai wuce rabin buhun siminti ba. Mace santimita 60 zuwa 70, kilo 15 zuwa 20. Asalinsa, iyakar Mali da Nijar. Ƙasar da ke kula da takardar kuwa, Faransa. Wannan layi na ƙarshe na karanta shi har sau biyu. Karen namu ne, amma in za a gyara harafi ɗaya cikin siffarsa, Faransa ake tambaya. Ban ga laifinsu ba. Su ne suka auna, suka rubuta.

A nan gida kuwa, tafiya ba ta yi masa daɗi ba. Farin 1973 da na 1984 sun ƙarar da garke da yawa, makiyaya suka watse zuwa birane da kudu. Wanda ya rasa nonon da zai ba ɗansa, ina zai samu na kare? Gonaki suka ci daji. Barewar da kakanninmu ke gani a bakin Gulbin Kaba, yau sai ka nufi arewa, wajen gandun dajin Gadabeji da aka keɓe tun 1955. Karen Azawak da ya sauko kudu ya garwaye da karen gari. Shi ya sa za ka ga wani kare a ƙauyukan Kanan-Bakashe, ƙafa doguwa irin ta arewa, kai da wutsiya na gida. An ce karen bana shi ke maganin zomon bana. To, har zomon ma ya yi wuya.

Amma maharbanmu tsofaffi suna nan, kuma sun san abin da babu shi cikin takardar Faransa. Sun san yadda ake zaɓen kwikwiyo tun idonsa bai buɗe ba, da abin da ake ba shi kafin fita, da sunayen da ake sa wa karnuka, da irin wanda ake samowa wurin Buzu da wanda ake samowa wurin Bafulatani. In akwai ɗaya a garinku, ka je gaishe shi bayan la'asar da goro biyu, da littafinka da fensir. Ka ce, "Baba, karenka na fari, daga ina ka samo shi?" Abin da ya faɗa maka, ka kawo aji mu karanta tare.