Ƙawancen Biranen Hernikawa: Yadda Ya Kafu, Ya Bunƙasa, Ya Wargaje

Kimanin kilomita 60 kudu maso gabas da birnin Rum, a kan tuddan da ke kewaye da kwarin kogin Sacco, akwai garuruwa huɗu: Anagni, Alatri, Ferentino da Veroli. A yau suna cikin lardin Frosinone na ƙasar Italiya. Shekaru 2,500 da suka wuce kuwa, yankin gidan ƙabilar Hernici ne, wato Hernikawa, waɗanda duk da ƙarancinsu sai da Rumawa suka zauna da su kafaɗa da kafaɗa.

Larura ce ta haɗa kansu. A arewa akwai ƙabilar Aequi, a kudu akwai Volsci, dukansu mayaƙa ne masu yawan kai hari, kuma babu garin da zai iya tare su shi kaɗai. Don haka kowane gari ya riƙe shugabanninsa da dokokinsa, amma maganar yaƙi da sulhu sai an kai ta babban taron ƙabila. Anagni ita ce uwa ma ba da mama, a can ake taron, a can kuma manyan wuraren bautarsu suke.

Wanda ya je Alatri zai ga irin ƙarfin da waɗannan garuruwa suka tara. Ganuwar da ta kewaye ƙololuwar garin da manya-manyan duwatsu masu kusurwa da yawa aka gina ta, an sassaƙe kowanne ya shige jikin ɗan'uwansa ba tare da laka ko siminti ba. Babbar ƙofarta dutse guda tal aka ɗora mata a sama, kuma har gobe mutane na wucewa ta ƙarƙashinsa.

Tauraron ƙawancen ya haska ne a shekarar 486 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Shekara guda bayan sun gwabza da Rumawa, Spurius Cassius, ɗaya daga cikin shugabanni biyu da Rum ke zaɓa duk shekara, ya ƙulla yarjejeniya da su irin wadda ya ƙulla da Latinawa a 493. Za a zauna lafiya, za a kawo wa juna ɗauki, ganima kuma a raba ta uku daidai tsakanin Rumawa da Latinawa da Hernikawa, kamar yadda masanin tarihi Dionysius ya ruwaito. Dabarar Rum a fili take: ƙasar Hernikawa ta ratsa tsakanin Aequi da Volsci, muddin tana hannun aboki, da wuya maƙiyan biyu su haɗa runduna.

Kusan shekara ɗari ana cin moriyar juna. A 413 Rumawa suka ƙwace Ferentino daga hannun Volsci suka miƙa wa Hernikawa, ƙawancen ya ƙara faɗi.

Zumunci ya fara tsami bayan da Gaulawa suka ci birnin Rum wajen shekarar 390. Hernikawa suka ja jiki, suka daina aika dakaru. A 362 yaƙi ya ɓarke, suka yi wa shugaban Rum Lucius Genucius kwanton ɓauna suka kashe shi. Sai a 358 shugaban Rum Gaius Plautius ya murƙushe su.

Abin da ya karya ƙawancen daga cikin gida ya fito. Lokacin yaƙin Rum da Samnitawa, an sami Hernikawa cikin fursunonin da aka kama, majalisar dattawan Rum ta sa a yi bincike. Wannan ya fusata Anagni, ta kira taro a 306, aka yi shelar yaƙi. Alatri da Ferentino da Veroli suka ce ba da su ba. Cikin 'yan kwanaki shugaban Rum Quintus Marcius Tremulus ya cinye sansanoni uku na masu tawaye, Rumawa suka saka masa da mutum-mutuminsa bisa doki a dandalin birni.

Hukuncin da ya biyo baya ya nuna Rum ta san inda ƙarfinsu yake. Mutanen Anagni da magoya bayanta aka mai da su 'yan ƙasar Rum marasa ƙuri'a, aka hana su taro da auratayya tsakanin garuruwansu, shugabanninsu aka bar musu hidimar addini kawai. Garuruwa ukun da suka ƙi yaƙi suka zaɓi su ci gaba da dokokinsu, aka kuma bar musu auratayya a tsakaninsu.

Wannan hidimar addini ita ce ta fi daɗewa. Fiye da ƙarni huɗu bayan haka, Marcus Aurelius, tun kafin ya hau gadon sarautar Rum, ya rubuta wa malaminsa Fronto cewa ya tarar da Anagni cike da wuraren bauta da tsofaffin littattafan ibada da aka rubuta a kan ƙyallen lilin. Amma a fagen siyasa, labarinsu ya riga ya ƙare. A 225 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), da Rum ta ƙirga dakarun ƙawayenta, jerin da masanin tarihi Polybius ya kawo bai ambaci Hernikawa da sunansu ba, shekara 81 kacal bayan taron Anagni da ya raba kansu.