Baitulmalin Kano da Binciken Muffett: Lissafin da Ba a Karanta wa Talaka Ba

Wani mai karatu daga unguwar Koki ya aiko mana da tambaya. Ya ce tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli, 2024, cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, to wa zai tsare kuɗin idan sun iso? Kuma an taɓa yin zamanin da aka titsiye masu riƙe da asusun Kano? An taɓa yi, malam. An yi binciken da ya ci rawanin sarki sukutum, sai dai abin da ya biyo baya shi ya sa har yau kake wannan tambaya.

Ban yi mamakin fitowar tambayar daga Koki ba. Unguwa ce ta fatake da attajirai. A nan Alhaji Alhassan Dantata ya kafa gidansa, mutumin da ake ba da labarin ya kai lodin raƙuma ashirin na sulalla ajiya lokacin da bankin Turawa ya buɗe reshe a Kano a 1929. A irin waɗannan gidaje, yaron da aka ba jari ya tafi Gwanja fataucin goro, in ya dawo sai ya durƙusa gaban maigida ya faɗi abin da ya saya, da abin da ya sayar, da abin da ya ci a hanya. Amma mutanen da suka tashi da wannan tarbiyya, in mai unguwa ya karɓi harajinsu ya miƙa musu takarda, maganar ta ƙare ke nan. Ba mai dawowa ya ce musu ga inda kuɗin suka shiga.

Baitulmali irin na En'e ya faro ne daga Katsina, a hannun Razdan Palmer, sannan aka kafa na Kano a zamanin Sarki Abbas. Aka raba haraji da jangali tsakanin gwamnatin Turawa da En'e, aka yanka wa sarki da hakimai da alƙalai albashi, aka damƙa wa Ma'aji littattafai da makullai. Ba a jima ba asusun Kano ya zarce na kowace En'e a Arewa. Da kuɗinsa aka jawo ruwan famfo daga Challawa, aka kawo wutar lantarki cikin birni a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka kuma riƙe asibitin birni da makarantu. Wannan alheri ne da ba mai musunsa.

Sai dai tun daga tushe akwai ɓaraka. Ma'aji yana yi wa Sarki lissafi, Sarki yana yi wa Razdan, Razdan yana yi wa Kaduna. Lissafin kullum sama yake hawa, ba ya gangarowa wurin wanda ya fitar da kuɗin daga aljihunsa. A watan Agusta na 1950 abubuwa biyu suka faru: aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda ta mai da zaluncin karɓar haraji babban kukanta, sannan Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi a majalisar Kaduna ya nemi a yi wa tsarin En'e garambawul. An yi gyaran doka a 1954, an ƙara majalisu, amma makullan suna nan inda suke.

A wannan yanayi Alhaji Muhammadu Sanusi ya gaji mahaifinsa Abdullahi Bayero a ƙarshen 1953. Tun yana Ciroma shi ne ƙashin bayan mulkin En'e. Malami ne, jigo a ɗariƙar Tijjaniyya ta Shehu Ibrahim Inyass, mai kwarjinin da manya ke shakkar haɗa ido da shi, kuma yana cikin waɗanda suka ɗaga jam'iyyar NPC. Har riƙon kujerar Gwamnan Jihar Arewa ya taɓa yi. Irin wannan sarki, wane ma'aji ne zai ce masa kasafi bai yarda ba?

Zuwa 1962 asusun da ake alfahari da shi ya shiga matsi. Gwamnatin Firimiya Sardauna ta naɗa Bature David Muffett, ma'aikacin mulki mai jin Hausa, shi kaɗai ya binciki harkar kuɗin En'en Kano. Ya zauna ya saurari shaidu, ya bi littattafai. Mutanen da a da ba sa iya ɗaga murya a ƙofar fada suka zo suka yi magana. A watan Maris na 1963 Sarki Sanusi ya miƙa takardar murabus ga Gwamna Kashim Ibrahim, aka tafi da shi Azare.

Daga nan ruwayoyi suka rabu biyu, kuma har yau ba su haɗu ba. Masoya Sarki suna cewa ƙulli ne kawai: Firimiya ba zai iya zama da sarkin da ke ganin kansa daidai da shi ba, ga tsohuwar gasar Kano da Sakkwato, ga bambancin ɗariƙa, don haka aka nemo Bature ya share hanya. Wasunsu ma sun kafa jam'iyyar Kano People's Party don nuna fushinsu. Ɗaya ɓangaren kuma suna cewa kuɗin jama'a aka yi wa riƙon sakainar kashi, kuma 'yan NEPU sun shekara goma suna faɗa ba a saurare su ba.

Ni dai na fi karkata ga cewa idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Matsin da asusun ya shiga ba ƙirƙira ba ne, kuma laifin tsarin da ya tara kuɗi da shari'a da 'yan doka a hannu ɗaya ne. Amma ban yarda tausayin mai biyan haraji ne ya tayar da Kaduna ba. Duk shekarun da ake ɗasawa tsakanin fada da Firimiya, kukan 'yan NEPU bai jawo bincike ba, sai ɗauri da bulala. Sai da zumunci ya yi tsami aka tuna akwai littattafai. Babbar hujjata ita ce ba a buga cikakken rahoton Muffett an ba jama'a ba. Bayanin gwamnati kawai aka ji. Da don talaka aka yi, da an karanta masa. Ɓoye rahoton ya cuci kowa: Sarki bai sami damar wanke kansa a idon duniya ba, mutanen Koki da sauran unguwanni kuma ba su san nawa ne ya salwanta ba, balle a hannun wa.

Abin da ya biyo baya sananne ne. Sarki Muhammadu Inuwa ya yi 'yan watanni ya rasu, aka naɗa Ado Bayero a watan Oktoba na 1963. Soja suka karɓe kotuna da 'yan doka daga hannun En'e, gyaran 1976 ya kawo ƙananan hukumomi, Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979, ya kuma dawo da tsohon Sarki Sanusi zuwa Wudil, inda ya rasu a 1991. Tsarin mulkin 1999 ya zuba kuɗin ƙananan hukumomi a asusun haɗin gwiwa, ciyaman ya koma yi wa gwamna lissafi kamar yadda Sarki ke yi wa Razdan a da.

To, malam, kada ka jira a aiko wani Muffett daga Abuja, domin binciken da babba ya tayar don ya kayar da babba, a aljihun tebur yake ƙarewa. Kuɗin da ke shigowa kowace ɗaya daga ƙananan hukumomi 44 na Kano ana bayyana adadinsu duk wata. Ku nemi adadin. Ku kira kansilanku zauren mai unguwa, ku sa ya karanta muku da Hausa nawa aka karɓa, nawa ya tafi albashi, nawa aka ware wa kwata da rijiyar burtsatse da asibitin sha-ka-tafi, kuma wane ɗan kwangila aka ba. Kakanninku ba su taɓa ƙara wa yaro jari ba sai ya kawo lissafin na baya. Ku riƙe wannan ƙa'ida ranar da aka dawo neman ƙuri'a.