Jirgin Ƙasa: Tsayawa da Sauƙi, Dawowa da Wuya

Ya kai mai karatu, tambayi tsofaffin Korgom inda gyaɗar ƙasar Tasawa take zuwa a zamanin Turawa. Za su ce maka Kano. Me ya ja ta can? Jirgin ƙasa.

Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi a 1912. Nan da nan cinikin gyaɗa ya bunƙasa. Raƙuma da jakuna, daga baya manyan motoci, suka riƙa kai buhuna tasha, jirgi ya kwashe zuwa Ikko, tafiyar kilomita 1,126. Fatake da 'yan ci-rani da baƙi masu zuwa kallon hawan salla duk suka riƙa shiga jirgin.

Da kwalta ta yawaita, gyaɗa kuma ta ja baya, sai aka yi sakaci da dogo. Ƙarafa suka lalace, jirgin fasinja ya tsaya shekara da shekaru. Sai a watan Disamba na 1912 ɗin nan ya cika shekara ɗari, wato 2012, bayan gyara mai tsada, jirgi ya sake tasowa daga Ikko zuwa Kano, yana cin wajen awa 30 a hanya.

Kada ka zaci ciwon namu ne mu kaɗai. A Amurka akwai Las Vegas, birnin caca da yawon buɗe ido a tsakiyar hamada. Jirgin ƙasa ne ya kafa shi a 1905, don nan yake tsayawa shan ruwa. A 1931 hukumar jihar ta yarda a yi caca, baƙi suka yi ta tururuwa. Amma mota da jirgin sama suka janye fasinja, har jirgin ƙarshe ya wuce a 1997. Duk da dukiyar birnin, sai a Afrilu 2024 aka aza harsashin sabon dogo, wajen kilomita 350, zuwa kusa da Los Angeles. Shekara 27 ke nan!

To, mu dawo gida. An shimfiɗa dogo daga Yamai zuwa Doso tsakanin 2014 da 2016, wajen kilomita 140, amma bai shiga jigilar yau da kullum ba. A Fabrairu 2021 aka aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, wanda aka tsara ya bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Daura kuwa, ka sani, ga ta nan kudu da mu.

Abin lura shi ne, ƙarfe kaɗai ba ya riƙe jirgi. Kaya da fasinja da gyara a kan kari su ne ransa. Gyaɗa ta riƙe na jiya. Ku tattauna a ajin yaƙi da jahilci: in jirgi ya tsaya Daura, me za mu loda masa? Wake, aya, ko dabbobi? Allah ya nuna mana.